Wasan Bindigar Roba na Rukuni da Langa: Nazari Daga Potiskum

Duk ranar Sallah, da zarar yara sun tara kuɗin barka da Sallah a Potiskum, akan ga wasunsu sun nufi masu tireda sun sayo bindigar roba mai 'ya'ya, suna ta harbin juna a lungu. Abin da yaran nan suke yi ba tsari, a wasu ƙasashe manya sun mayar da shi wasa mai doka da alƙali da fili, wanda ake kira airsoft.

A Japan aka faro shi a shekarun 1970. Dokar ƙasar ta 1958 ta tsananta wajen hana farar hula mallakar bindiga, sai masu sha'awa suka koma ga ta roba mai kama da ta gaske. Harsashinta ƙwallon roba ne mai faɗin milimita 6, nauyinsa yawanci giram 0.20, wato ko ƙwayar wake ta fi shi girma. Iska ce ke tura shi, ko ta matsin sifirin, ko ta gas, ko ta ƙaramin inji mai batir, irin wanda kamfanin Tokyo Marui ya fito da shi a 1991. Ƙwallon kan fita da gudun kusan mita 100 a daƙiƙa. A jiki zafi kawai zai yi ya bar ɗan shati, amma a ido yana iya makantarwa, shi ya sa ba a shiga fili sai da tabarau na kariya, kuma akan gwada ƙarfin kowace bindiga da na'ura kafin a fara.

Akan raba 'yan wasa gida biyu. Wani lokaci tuta za a ɗauko daga sansanin abokan karawa, wani lokaci tudu ko ɗaki za a tsare, wani lokaci kuma mutum guda za a rako har ya isa inda aka shata. Wannan na ƙarshe duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shi, domin shi ne tsarin langa. Akwai ruwa, wato wanda ake rakowa, akwai masu tare masa hanya, akwai masu neman kayar da shi kafin ya sha. Gwanin da ya bar ruwansa ya tafi neman suna shi kaɗai, shi ke jawo wa rukuninsa kaye a wasannin biyu.

Inda suka rabu shi ne wajen shaida. A langa, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi, idon kowa ya gan shi, ya mutu ke nan. A wasan harsashin fenti, wanda aka fara a Amurka a 1981, fentin ne ke tona asiri. Ƙwallon roba kuwa ba ya barin alama a riga. Idan ya taɓa mutum a bayan bishiya, mita talatin daga wanda ya harba, babu mai sani sai shi da Ubangijinsa. Dole shi da kansa ya ɗaga hannu ya ce an same shi, ya fice. A ganina nan ne darajar wasan take: an gina shi kacokan a kan amana, kuma mutum ɗaya mai ƙin amsa harbi ya isa ya ɓata wa mutum arba'in yininsu. Saurayin da ya saba faɗin gaskiya a kan kansa lokacin da ƙarya za ta fisshe shi ya samu tarbiyyar da ba ta tsaya a fili ba.

Sai dai Potiskum gari ne mai tabo. Harin kasuwar shanu na watan Mayun 2012 da fashewar bam a makarantar sakandaren kimiyya ranar 10 ga Nuwamba 2014, inda ɗalibai fiye da 40 suka rasu, ba su gushe daga zukata ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Matashi ya fito da abin da ya yi kama da AK-47 a kan hanyar Damaturu, jami'in da ke shingen bincike ba shi da lokacin tantance roba da ƙarfe. Ko a Amurka, inda doka ta ce a sayar da irin waɗannan bindigogi da launin ruwan lemo a bakinsu, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a Cleveland a 2014, yana ɗauke da irinta. Birtaniya ma tun dokarta ta 2006 ta taƙaita sayar da masu kama da na gaske, sai ga wanda ke da hujja, kamar ɗan wasan da ya yi rajista da fili.

Hukuncina shi ne kada a kawo wasan nan Potiskum sai a fili mai katanga, da izinin 'yan sanda a rubuce, da bindigogi masu launi mai haske waɗanda ba sa fita daga harabar. Kafin a kai nan, iyaye su karɓe bindigogi masu 'ya'ya daga hannun ƙananan yara saboda idanunsu, makarantun garin kuma su maido da gasar langa tsakanin gidajen ɗalibai.