BAYANI: Kafin a rushe tsohon zaure ko garejin gida a Boɗinga da Shagari

A bakin babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal, da kuma cikin lungunan waɗannan garuruwa, gidaje da dama suna da tsohon ɗaki a gaba: zaure, ko garejin da aka fasa zaure aka yi, ko rumfar ajiyar babur da amfanin gona. Shi ne ɗakin da aka fi mantawa da gyaransa, alhali nan yara ke wasa, nan almajirai da baƙi ke kwana. Idan ya tsufa, zaɓi biyu ne: ko masu gida su sauke shi da hannunsu a lokacin rani, ko damina ta sauke shi a kan wanda ke ciki. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata a sani kafin a ɗaga diga.

Me ke kayar da ginin ƙasa

Ginin gargajiya na ƙasar Hausa ana yin sa da tubalin ƙasa da aka shanya a rana, a rufe shi da azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, sannan a yi masa yaɓe. Magina na da sukan shafe bango da rufi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ruwa ya riƙa zamewa. Irin wannan gini yana iya ganin jikoki, amma da sharaɗin a riƙa sabunta yaɓensa kafin damina.

Ruwan Sakkwato bai kai na kudu yawa ba, sai dai kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Ta hanya uku yake cin gini. Yana kwanciya a kan soro idan indararo ya toshe, ya jiƙa ƙasar rufi har ta fi ƙarfin azara. Yana zaizaye gindin bango idan babu magudana. Yana kuma hawa ta ƙasa a matsayin danshi, wanda ke kiran gara zuwa katako.

Garejin da aka yi daga zaure yana da ƙarin rauni. An faɗaɗa ƙofarsa domin mota ta shiga, wato an cire ɓangaren bangon da ke ɗauke da rufi. Sau da yawa kuma an shafe bangon ƙasa da siminti, wanda ba ya kama ƙasa da kyau: ruwa ya shiga ta tsaga ya ɓuya a bayansa, waje na sheƙi, ciki na ruɓewa.

Gyara ko rushewa

Ƙananan tsagogi a yaɓe gyara suke buƙata. Alamomin da ke nuna gini ya wuce gyara su ne bangon da ya karkata ko ya yi ciki, tsagar da ake hango haske ta cikinta ko wadda ke ƙara buɗewa, rabuwar bango biyu a kusurwa, rufin da ya lotsa a tsakiya, da ƙofar da ta daina rufuwa ba gaira ba dalili. Da zarar an ga ɗaya daga ciki, a fitar da mutane da dabbobi tukuna, sannan a kira gwanin magini ko injiniya.

Akwai gine-ginen da tarihi ya ba su wata daraja. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Duk ginin da ke da alaƙa da irin wannan tarihi, a tuntuɓi dattawan gari da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa kafin a taɓa shi.

Wa ke da ikon cewa a rushe

Rigimar da ta fi tsawo ba ta siminti ba ce, ta gado ce. Gidan da ba a raba ba mallakin dukkan magada ne, har da matar mamaci da 'ya'ya mata da marayu ƙanana. Kasancewar mutum babban wa, ko shi ne mai kuɗin aikin, bai ba shi ikon yin gaban kansa ba. Wanda ya zuba dukiyarsa a fili na tarayya ba tare da yarjejeniya ba, ya shuka husumar da za ta tsiro ranar rabo, musamman idan sabon ginin shago ne da ake karɓar haya.

Mafita ita ce rubutu: wa ya amince, nawa aka kashe, rance ne ko kyauta, wa zai ci haya. A sa hannu gaban shaidu da mai unguwa ko ubanƙasa, ko a kai batun kotun shari'ar Musulunci. Haka nan bangon da ya haɗa gida biyu: fiƙihun Malikiyya ya hana cutar da maƙwabci, don haka a sanar da shi, a kafa alamar iyaka tun bango na tsaye. Idan ya faɗi, shaidar iyaka ta tafi da shi.

Abin da doka ta tanada

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna. Shi ke ayyana yankunan da ake ɗauka a matsayin birni, shi ke ba da takardar shaidar mallaka a can. A wajen birni, ƙaramar hukuma tana da ikon ba da izinin zama na al'ada. Tambayar farko a sashen filaye na sakatariya ita ce: a wane rukuni filin yake?

Batun izinin gini kuwa, akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar Jihar Legas da Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. A Sakkwato, Hukumar Tsara Birane da Yankuna ta jiha ce ke riƙe da wannan aiki. Duk kuɗin da aka biya, a karɓi rasit na gwamnati.

Masu gida a bakin hanyar tarayya su lura: gwamnati tana riƙe da mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe. Wanda ya matso da sabon gareji ko shago cikin wannan tazara, yana iya rasa shi ranar faɗaɗa hanya, ga kuma wahalar neman diyya.

Yadda ake saukewa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Maris, domin a rufe sabon gini kafin sabuwar damina. A fara da cire wuta. Idan wayar sandar lantarki ta bi ta kan ginin, ma'aikatan kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba wuta a Sakkwato, su ne za su cire ta. A kwashe fetur da tsohon baƙin mai da batura. A killace wurin, a hana yara kusanta.

Ana saukewa daga sama zuwa ƙasa: rufi, azara, sannan bango sahu-sahu. Haƙa gindin bango domin a ture shi gaba ɗaya ganganci ne da ran lebura. Idan akwai tsohon silin ko rufin asbestos, kada a farfasa shi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa shaƙar ƙurarsa na haddasa kansar huhu. A jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗungurungum, a rufe hanci da baki. Azara mai lafiya, ƙofofin ƙarfe da kwano suna da kasuwa, ƙasar kuma tana yin ciko. Zuba ɓaraguzai a magudana kuwa tura ambaliya ne gidan wani.

Sabon gini

Siminti ba baƙo ba ne a Sakkwato. Masana'antar Kalambaina, wadda yanzu ke ƙarƙashin BUA, ta fara aiki tun 1967. Amma bulo ba ya zama mai ƙarfi don kawai sunansa bulo. Idan mai bugawa ya tsawaita buhu ɗaya mai kilo 50 ya fitar da bulo fiye da kima, abin da ya sayar yashi ne mai siffar bulo. Wanda ke marmashewa a hannu, a bar shi.

Garejin mota ɗaya yana buƙatar kimanin mita 3 a faɗi da mita 6 a tsawo. A haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai ƙwari, ba cikon tsohon gini ba. A ɗaga daɓe sama da titi, a shimfiɗa leda mai hana danshi. Bangon da ke ɗaukar nauyi a yi shi da bulo mai inci 9, a zuba linta ta kankare da rodi a kan faffaɗar ƙofa. Kankare yana son ban ruwa na aƙalla kwana 7, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. A zafin Sakkwato, wanda kan haura digiri 40 a Afrilu, sakaci da wannan yana tsattsaga shi. Rufin kwano a ɗaure shi da kyau saboda iskar farkon damina.

A bar tagogin iska, kada kuma ƙofar gareji ta buɗe cikin ɗakin kwana. Hayaƙin mota da janareta yana ɗauke da iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mai barci.

Inda alhaki ya koma kan hukuma

Mai gida zai iya gyara bangonsa, amma ba zai iya gyara unguwa ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina magudanun ruwa da kula da su, tare da kwashe shara. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Saboda haka matasan Boɗinga da Shagari suna da hujjar tambayar kansiloli da shugabanninsu: nawa aka ware wa magudanai a kasafin bana, a wace unguwa, wa aka ba kwangila? Akwai wanda ke zagayawa kafin damina yana duba gine-ginen da ke barazanar faɗuwa? Buhun shinkafa da bandir ɗin kwano da ake rabawa bayan gini ya faɗi ba sa mayar da rai, kuma watannin rani ne lokacin neman waɗannan amsoshi.