Daga Sandar Willis zuwa Akushin Tuwo: Tarihin Cutar da Ke Hana Haɗiya

A shekarar 1674 wani likitan Ingila mai suna Thomas Willis ya rubuta labarin wani mutum da duk abin da ya ci sai ya dawo masa, har yunwa ta kusa kai shi kabari. Willis ya sassaƙa masa sanda daga ƙashin ƙaton kifin teku, ya ɗaura soso a bakinta. Da mutumin ya gama cin abinci sai ya zura ta a maƙogwaro ya tura lomar zuwa ciki. Shekara 15 yana rayuwa da wannan sanda lokacin da Willis ya ba da labarinsa. Wannan ne bayanin farko da aka sani na cutar da likitoci ke kira akalasiya.

A ƙarshen bututun da ke kai abinci ciki akwai wani zoben tsoka mai aikin ƙofa. Yakan saki idan loma ta iso, ya rufe idan ta wuce. Likitocin ƙarni na 19 sun ɗauka zoben ne ke murɗewa ya damƙe, kuma a farkon shekarun 1880 Johann von Mikulicz ya yaɗa wannan fahimta. Sai a wajejen 1914 Arthur Hertz na asibitin Guy's a Landan, wanda daga baya ya koma Hurst, ya ce ƙofar kasa sakewa take yi idan lokacin ya zo. Daga nan sunan ya fito, kalmar Girkanci mai nufin rashin saki. A shekarun 1920 Geoffrey Rake ya nuna dalilin: jijiyoyin da ke cikin bangon bututun, masu ba tsoka umarnin sakewa, su ne ke mutuwa.

A Birazil an san wata irin wahalar haɗiya tun kafin Carlos Chagas ya gano, a 1909, ƙwayar da ke haddasa cutar da aka sa wa sunansa. Daga baya aka tabbatar ita ma waɗannan jijiyoyin take cinyewa. A sauran duniya kuwa, har yau ba a tantance abin da ke kashe su ba.

Magani ya riga cikakkiyar fahimta zuwa. A 1913 Ernst Heller ya yi tiyata a Leipzig ta Jamus, ya tsaga tsokar zoben don ƙofar ta zauna a sake. Har yau ana yin tiyatarsa, sai dai tun 1991 ta ƙananan huji ake bi. A 2008 Haruhiro Inoue na Japan ya fara yin ta ta baki, ba tare da yanka fata ba. Akwai kuma buɗa ƙofar da balan-balan, wanda jikan sandar Willis ne.

Cutar ba ta da yawa, kusan mutum 1 cikin 100,000 take kamawa a shekara, kuma ƙarancin nan ne ke ɓoye ta. Mutumin Toranke ko Ajingi da tuwo ke tsaya masa a ƙirji zai fi jin an ce olsa ce, ko sammu, ya yi shekaru yana shan maganin da bai shafi ciwonsa ba. Alamunta kuwa a fili suke. Ruwa da kunu suna maƙalewa kamar yadda tuwo ke yi. Abincin da bai narke ba yana dawowa, musamman da dare, har ya jawo tari. Jiki yana ramewa a hankali. Kansar bututun takan fara da abinci mai tauri kafin ruwa, kuma tana saurin ci gaba, don haka duk wahalar haɗiya da ta daɗe tana buƙatar bincike.

Binciken yakan fara da hoton ƙirji bayan an sha wani farin ruwa mai suna bariyam, inda ƙarshen bututun ke fitowa a tsuke kamar bakin tsuntsu. Sai leƙawa da kyamara, da auna ƙarfin tsokar. Daga Gaya, hanyar takan kai mutum manyan asibitocin Kano, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Jijiyoyin da suka mutu ba sa dawowa, amma ƙofar tana buɗuwa, mutum ya koma cin tuwo da iyalinsa a akushi ɗaya. Abin da ya fi jinkirta hakan shi ne sunan da aka fara ba ciwon a gida ko a kemis.