Fitilar Taya da Gejin Mai Faci: Wanne Za a Yarda da Shi?

Da yawa daga cikin motocin Kwatano da ke kai-kawo tsakanin Kwaciri da Sabon Gari suna da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, mai kama da tukunya da alamar motsin rai a ciki. Fitilar iskar taya ke nan. Wasu na ganin tunda ba ta kama ba, taya lafiya lau. Tarihinta bai goyi bayan wannan zaton ba.

Gejin hannu ya girme ta nesa ba kusa ba. Bawul ɗin da mai faci ke danna gejinsa a kai na kamfanin Schrader ne, an yi masa rajista a Amurka tun 1893. Sai a 1986 aka fara sa na'urar lura da iska a motar hawa, wato Porsche 959, motar da sai wane da wane.

Abin da ya kawo ta motar kowa da kowa haɗari ne. A ƙarshen shekarun 1990, tayoyin Firestone da ke kan Ford Explorer suka riƙa ɓarewa ana cikin gudu, motoci na kifewa, sama da mutum 200 suka mutu a Amurka. Ƙarancin iska na cikin abubuwan da aka yi ta jayayya a kai: Ford ta ce a sa psi 26, Firestone ta ce 30 ya fi. A Agustan 2000 aka janye taya miliyan 6.5, a Nuwamba kuma Bill Clinton ya sa hannu a dokar TREAD. Daga Satumban 2007, dole kowace sabuwar ƙaramar mota a can ta zo da na'urar. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙa'idar Amurka ta ce fitila ta kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100. Motar da ke son 32 za ta iya sauka kusan 24 fitila na kashe. Kuma ba a wajabta mata yin gargaɗi idan iska ta yi yawa ba, alhali a nan mun fi jin "cika min ita 45" saboda lodi da ramuka.

Ita kanta sensar da ke cikin taya, a motar da ke nuna lamba, ba ta cika kuskuren da ya wuce psi ɗaya ko biyu ba. A ganina ta fi gejin da ya sha ƙura da faɗuwa a bakin titi, wanda sifirin ɗinsa ya saki. Amma batirinta a rufe yake, shekara 5 zuwa 10 yake yi, don haka motar 2009 da ba a canza mata sensa ba da wuya a ce tana da rai. Wasu motocin ma ba su da sensa a taya. Saurin juyawar ƙafafu kawai suke kwatantawa ta na'urar birkin ABS.

Ko da duka biyun lafiyarsu ƙalau, suna iya saɓawa. Geji yana auna iskar taya ne a kan iskar waje, sensa kuwa tana ciki, ba ta san waje ba. Kano na bisa teku da kimanin mita 480, saboda haka motar da ba ta gyara wannan lissafi za ta nuna ƙasa da geji da kusan psi ɗaya. Ga zafi: duk digiri 5 zuwa 6 na sauya kusan psi ɗaya, ka ga asubar hunturu da azahar ɗin Afrilu ba za su ba da lamba ɗaya ba.

Shi ya sa ake auna taya da safe kafin ta yi tafiya, da geji mai kyau. Lambar da za a bi tana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Wadda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce.