Daga Tafireta Zuwa Igiyar USB a Daura

Kafin kwamfuta ta yaɗu a Daura, masu tafireta ne suke buga wa jama'a takardun koke da na cinikin gona, har shagunan kwamfuta suka gaje sana'ar. Firintocin farko a shagunan, waɗanda allurai ke buga harafi ta kan ƙyallen tawada, ana haɗa su ne da mahaɗar Centronics, wato faffaɗan kai mai haƙora 36, ɗaya kan igiyar mai fil 25 kuma yana shiga bayan kwamfuta. Bayan fitowar USB a 1996 a hankali kwamfutoci suka riƙa zuwa babu kafar da kai mai fil 25 ɗin yake shiga, amma da yake tsofaffin injinan suna jure ƙurar hunturu, suna kuma fitar da kwafi ta takardar kabon, sai aka koma haɗa su da igiya mai kai biyu, ɗaya USB, ɗaya Centronics.