Rabo Kafin Alƙalami: Martani ga Masu Raba Lissafin Yara da Tarbiyyarsu

Kaɗan ne daga cikin nazarce-nazarcen ilimin ƙananan yara suka yi tasiri irin na Greg Duncan da abokan aikinsa, wanda ya fito a mujallar Developmental Psychology a 2007. Sun haɗa bayanan manyan bincike shida da suka bi diddigin yara shekara da shekaru a Amurka da Kanada da Birtaniya, suna neman sanin wane abu ne, cikin guzurin da yaro ke shiga makaranta da shi, ya fi nuna yadda karatunsa zai kasance a gaba. Lissafi ne ya zo na ɗaya, sai karatu, sai iya tattara hankali. Halin zama da mutane kuwa, wato iya abota da rashin yawan faɗa da makamantansu, kusan bai nuna komai ba. Masu cewa lissafi daban, tarbiyya daban sun samu madogara a nan. Ra'ayin nasu ba baƙo ba ne a ajujuwan share fagen firamare na garuruwanmu, ko da malaman ba su taɓa jin sunan Duncan ba: lokacin makaranta kaɗan ne, don haka a sa ɗan shekara huɗu ya haddace ɗaya zuwa ɗari da Turanci, ya cika littafi da alƙaluma, zancen zumunci da abota kuma a bar wa gida da Islamiyya.

A ganina wannan ra'ayi kuskure ne, kuma an ɗora wa binciken 2007 kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Ba sai na daɗe a kan abin da abokan aiki suka sani ba. Haddace jerin lambobi ba shi ne sanin adadi ba. Sai yaro ya ba kowane abu lamba ɗaya tak, ya kuma gane cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan tarin (Gelman da Gallistel, 1978). Piaget, wanda aka fi tunawa da gwaje-gwajensa kan adadi, shi ne kuma ya tsuguna yana kallon yara na wasan duwatsun gilas don ya ga yadda suke fahimtar doka da adalci (1932). Na baya ne suka raba littattafansa gida biyu, malaman lissafi suka ɗauki ɗaya, malaman tarbiyya suka ɗauki ɗaya.

Inda nake son tsayawa shi ne rabo. Frydman da Bryant (1988) sun ba yara 'yan shekara huɗu da biyar a Ingila ƙananan kayan wasa a matsayin alewa, suka ce su raba wa 'yan tsana. 'Yan shekara huɗu sun iya sarai: ɗaya naka, ɗaya nata, har kaya su ƙare, kuma rabon ya fito daidai ba tare da ƙirge ba. Amma da aka ƙirga kason ɗaya a gabansu, aka tambaye su nawa ne na ɗayan, da yawansu ba su ce adadin ɗaya ne ba. Sai suka nemi su ƙirga daga farko. Hannu ya riga baki sanin daidaito. Abin da ya rage wa malami shi ne ya haɗa abin da hannu ya iya da sunan lamba, kuma wannan haɗin shi ne tushen rabawa, da kashi-kashi, da ma'anar alamar daidai da yaro zai yi ta gamuwa da ita har jami'a.

To a ina yaron Bahaushe yake yin rabo? Ba a kan 'yan tsana ba. Inna ta miƙa wa Yaya ƙosai a takarda ta ce “ku raba da ƙannenka”. Baba ya dawo kasuwa da tsaraba, goriba ko dabino ko aya. A ƙofar gida ana jin “sam mini”, ana jin “wallahi ka ƙware ni, naka ya fi yawa”. Yarinya na taya uwarta kasa gyaɗa kashi-kashi a faranti. Lokacin Salla yaro na tsaye yana kallon manya suna watanda, ana kasa naman sa tuli-tuli gwargwadon kuɗin da kowa ya zuba, ana ɗauke tsoka daga nan a ƙara can har kowa ya yarda. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya a wuyan yara, su ne 'yan aike, su ne masu talla, su ke karɓo kuɗi su kawo canji. A duk waɗannan wurare akwai wanda zai yi ƙara idan lissafi ya karkace. Wannan shi ne abin da takardar aji ba ta da shi. Idan yaro ya rubuta cewa shida a raba biyu huɗu ne, jan biro kawai zai gani gobe. Idan ya ɗauki ƙosai huɗu ya bar wa ƙanensa biyu, nan take zai ji kuka, kuma ƙanen zai jera su a ƙasa ya nuna masa.

Mai riƙe da hujjar Duncan ba zai gamsu da wannan ba, kuma ya kamata a saurare shi da kyau. Zai ce: labarin ƙosai da daɗin ji, amma bayanan dubban yara sun ce halin zama da mutane ba ya hasashen sakamakon lissafi. Amsata ta farko ita ce a duba abin da aka auna. Halayyar da ke cikin waɗancan bayanai yawanci maki ne da malamai da iyaye suka bayar a takardar tambayoyi: shin yaron na faɗa, shin yana janye jiki, shin yana shiri da 'yan ajinsu. Ba a auna sau nawa aka ba shi abu ya raba ba, ko wa ya tsaya a kansa yana ƙirgawa tare da shi. Yaro na iya zama mai ladabi ƙwarai alhali ba a taɓa damƙa masa rabo ba. Saboda haka binciken ya rushe da'awar cewa kyakkyawan hali shi kaɗai yana haifar da iya lissafi, da'awar da ni ma ban yi ba, amma bai taɓa batun rabo ba ko kaɗan.

Amsa ta biyu daga gidan Duncan ɗin ta fito. A 2018, Drew Bailey da Duncan da wasu abokan aikinsu sun gwada irin waccan hanyar hasashe da sakamakon gwaji na zahiri, inda aka koyar da wasu yara manhajar lissafi ta musamman kafin firamare aka bar wasu. Ratar da aka samu da farko ta yi ta raguwa da shekaru, fiye da yadda hasashen ya nuna. Ma'ana, kasancewar mai iya lissafi a shekara biyar yakan iya a shekara goma ba ya tabbatar da cewa ɗura lissafi a shekara biyar zai ɗore. Wataƙila, kuma ina jin ya fi wataƙila ƙarfi, wani abu ne mai ɗorewa a rayuwar yaron yake riƙe da duka biyun, kuma gida na cikin abubuwan da ba sa ƙarewa idan shirin shekara ɗaya ya ƙare.

Suka ta gaba daga mai riƙe da hujjar Duncan ta fi nauyi, kuma ita ce ta tilasta mini rage faɗin da'awata. Zai ce: mun daɗe da jin waƙar lissafin titi, amma ba ya bin yaro cikin aji. An saba kafa hujja da binciken Carraher da Carraher da Schliemann (1985) a Recife ta ƙasar Barazil, inda yara masu sayar da kaya suka amsa kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyi daidai a bakin ciniki, amma kusan kashi 37 kawai da aka ba su irin lissafin su yi a takarda. Yara biyar ne kacal a binciken, abin da masu ambatonsa kan manta su faɗa. A 2025 mujallar Nature ta buga aikin Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Elizabeth Spelke da wasu, a kan yara 1,436 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi. Sun ƙware a lissafin ciniki, amma suka yi rauni da aka kawo shi a siffar makaranta; 'yan makaranta marasa sanin kasuwa kuma suka kasa lissafin ciniki. Kafin nan, a 2017, Dillon da abokan aikinta sun gwada wasannin lissafi na wata huɗu a kan yara 1,540 a makarantun reno 214 a Delhi. Yaran sun ƙaru a iya kimanta yawa da siffa da ido, ƙaruwar ta kuma ɗore, amma ba ta zama fifiko a lissafin firamare ba.

Ba ni da hanyar kauce wa wannan. Wanda ya ce a bar yaro da talla da wasa zai tsinci lissafin boko da kansa, hujja ba ta tare da shi, kuma bai kamata a yi amfani da maƙala irin wannan a wanke tallar da ke hana 'yan mata zuwa makaranta ba. Har alƙiblar da nake zato ma, wato cewa rabo ne ke kai yaro ga ƙirge, sai an gyara ta. Chernyak da abokan aikinta (2016) sun gano cewa yaran da suka fahimci ƙirge na haƙiƙa su suka fi raba kaya daidai tsakanin mutum biyu, kuma sanin adadin ya fi shekarun haihuwa bayyana bambancin. Ke nan ƙirge na gyara rabo kamar yadda rabo ke ba ƙirge dalili. Ƙaramin yaro da ya ƙware ɗan'uwansa ba lallai son kai ba ne, wani lokaci bai iya ƙirge ba ne, kuma iyayen da ke saurin tsawa ya kamata su san haka. Abin da hujja ta bari in faɗa, ke nan, bai wuce wannan ba: rabo tsakanin yaran da suka damu da juna wuri ne mai kyau na fara lissafi, da sharaɗin akwai babba a wurin da zai sa a ƙirga da baki, da harshen da yaron ke faɗa da shi, sannan a rubuta alƙaluman a gabansa. Binciken kasuwannin Kolkata da Delhi ya nuna abin da ke faruwa idan aka bar kasuwa da aji kowa a gefensa. Mai suka ya karanta shi a matsayin dalilin rufe ƙofar aji. Ni kuwa ina ganin rufewar ce ta haifar da sakamakon.

Saura suka ɗaya, wadda ba a littafin Turawa na fi jin ta ba, a bakin malamanmu ne. Rabon gida ai ba daidai ba ne. Yaya ke fara ɗauka, auta na samun ƙari don shagwaɓa, baƙo ana ba shi tsoka mafi kyau, aboki ana fifita shi a kan wanda ba a sani ba. Yaya za a koyar da raba daidai da al'adar da ke girmama babba? Binciken Olson da Spelke (2008) ya nuna cewa tun suna shekara uku da rabi yara kan fifita 'yan'uwa da abokai a kan waɗanda ba su sani ba idan kaya ba su isa kowa ba, amma su raba daidai idan sun isa. Blake da abokan aikinsa (2015) sun gwada yara a ƙasashe bakwai, har da Senegal da Yuganda: ƙin a ƙware ka ya bayyana a ko'ina, amma ƙin karɓar kaso mafi tsoka a kan ɗan'uwa a uku kawai ya bayyana, Amurka da Kanada da Yuganda. Na farkon ba ya bukatar malami sosai. Na biyun, ga alama, al'umma ce ke dasa shi.

A nan ne nake ganin sukar ta koma hujja a gare ni. Ba za ka san ka fifita Yaya ba sai ka san inda daidai yake. Ƙosai bakwai, yara uku: bibbiyu, saura ɗaya. Littafin aji ya tsaya a nan. A tsakar gida kuwa yanzu aka fara, domin ɗayan nan sai an san inda za shi. A ba babba don girmansa? A ba ƙarami don tausayi? A gutsuttsura shi uku, wanda shi ne farkon sanin sulusi? A mayar wa Inna? Kowace amsa tana da lissafinta, tana kuma da hukuncinta na zumunci, kuma yaron da ya ce “na bar maka” yana yin kara ne da abin da ya san adadinsa. Malaman Musulunci ba su taɓa ɗaukar wannan ƙaramin fanni ba: babban kaso na littafin aljabara da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 a kan wasiyya da rabon gado yake, inda kaso ba daidai ba ne amma dole ya fita babu ƙari babu ragi.

Mai suka zai iya cewa ajin da ya cika maƙil ba wurin raba ƙosai ba ne. Gaskiya ne malama ɗaya ba za ta tsaya a kan kowa ba. Amma marafan kwalba da tsakuwa da ƙwallon dabino ba sa cin kuɗi, kuma rukunin yara uku-uku yana da masu sa ido uku, tunda babu wanda zai yarda a ƙware shi ko da a kan tsakuwa ne.

Da'awar tana gwaduwa, kuma ya kamata a gwada ta a Kano ko Katsina ko Damagaram maimakon a ci gaba da aro daga Delhi. A ɗauki ajujuwan share fage a kasa su uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya su ci gaba da hadda da kwafe alƙaluma. Kashi na biyu kowane yaro ya raba tsakuwa a gwangwanaye shi kaɗai, ana ƙirgawa ana rubutawa. Kashi na uku su yi aiki iri ɗaya da na biyu, amma tsakanin abokai, kowa da kasonsa, su kuma yanke hukuncin saura da kansu. A auna su a ƙarshen shekara, a sake aunawa a aji biyu na firamare, inda tasirin shirye-shirye irin wannan kan dusashe. Kwatanta na biyu da na uku shi ne zai raba gardama. Idan gwangwani ya yi abin da aboki ya yi, to ɓangaren lissafi na hujjata ya faɗi, kuma sai in kare rabon yara da dalilin tarbiyya kaɗai.