Ƙarfen da ke cikin tsohuwar wuƙa

Duk yaron da ya zauna a aji a wannan yanki namu ya san labarin Bayajidda: ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Abin da mu malamai muke tsallakewa shi ne, kafin ya iso sai da ya yada zango a Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙar da ya yi wannan aiki da ita. Ko tarihi ne ko almara, magabatan da suka riƙe labarin ba su bar maƙeri a baya ba. Daga Matameye zuwa Daura kuwa ba wata tafiya ba ce, ka bi ta Ɗan Barto ka tsallaka iyaka, shi ke nan.

Ni aikina alli da allo ne, amma in an tashi daga lakwal nakan zauna da tsofaffin wuƙaƙe, ina raba su da tsatsa, ina gyara musu ƙota. Wasu na saya, wasu tsofaffi suka ba ni don sun ga ina so. A hankali na gane cewa ƙarfen kowace wuƙa yana faɗin zamaninta, in mutum bai goge shaidar ba.

Mafi tsufa su ne na tama. Narka tama ba baƙon abu ba ne a jihar Damagaram: a duwatsun Termit masu binciken kayan tarihi sun tono wuraren narka ƙarfe da suka haura shekara 2,500. A ƙasar Hausa maƙeran baƙi ne ke wannan aiki. Su haƙo tama, su gina murhun laka, su jera ta da gawayi, musamman na ƙirya, wuta ta kwana tana ci. Abin da ke fitowa ba ruwan ƙarfe ba ne, dunƙule ne mai haɗe da kashin maƙera, sai an yi ta dukansa da masaba a kan uwar maƙera kafin ya tsarkaka. Shi ya sa in ka wanke irin wannan wuƙa a hankali za ka ga siraran layuka a jikinta kamar jijiyar itace. Ragowar dattin da masaba ta miƙar ne. Ba aibu ba ne. A wurina ma shi ne kyanta.

Da wannan ƙarfe aka yi noma, da shi aka yi yaƙi. Muna koya wa yara cewa Sarki Tanimu, wanda mulkinsa ya kai 1884, ya kewaye Damagaram da ganuwa, ya faɗaɗa ƙasa har Kance ta bi, kuma a zamaninsa an ƙera igwa a cikin gari. Sunan sarki muke sa su haddace. Wanda ya zuga wuta, da wanda ya ƙera kan mashi da linzami da takobi, da badukun da ya ɗinka kube, ba su shiga darasi. Alhali sarautar Sarkin Maƙera tana nan a fadodinmu, tana shaida cewa sarakunan da kansu sun san da wa suke cin yaƙi.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899 bayan karon Tirmini. Amma ba bindigarsu ce ta kashe murhun tama ba, arha ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai ya shigo kasuwa, daga baya motoci suka tsufa aka fara fasa su. Wa zai kwana a daji yana gadin wuta, ga ƙarfe a yashe bakin tasha? Lokacin da Bafaranshiya Nicole Echard ta ɗauki fim ɗin narka tama wajen maƙeran Adar a shekarun 1960, sana'ar ta riga ta kama hanyar ɓacewa. Wuƙaƙen iyayenmu galibi na ƙarfen mota ne, sumul, babu layi, kuma gaskiya sun fi riƙe kaifi. Bayansu sai farar wuƙar kanti, wadda ba ta tsatsa, ba ta kuma daɗewa da kaifi, in ƙotar roba ta karye a jefar.

Abin da ke damuna shi ne wuƙaƙen tama suna ƙarewa ta hanya biyu. Ta farko masu sayen tsohon ƙarfe a kilo, waɗanda yara ke kai wa duk abin da suka tsinta a ɗakin kaka. Ta biyu injin washi. Ana gobe layya kowa ya kwaso wuƙaƙen gida ya kai, a kara su a dutsen inji, tartsatsi na tashi. Inji yana cin ƙarfe da yawa, yana share zanen da maƙeri ya sa, zafinsa kuma yana kashe taurin baki. Wuƙar yanka ta yau da kullum, to, a kai ta. Ta gado kuwa a jiƙa ta da mai kwana biyu ko uku, a goge da toka da tsumma, a wasa bakin kaɗai a dutse da ruwa. Baƙin da ya zauna a jikinta a bar shi. Kube a shafa masa man kaɗanya kaɗan, kuma da damina kada a bar wuƙar a ciki, fata na riƙe laima.

Ban ce a kawo wuƙa makaranta ba, kada wani uba ya ce mushe ya ce. Abin da nake ba ƴan ajina shi ne aikin gida: kowa ya roƙi babba ya nuna masa tsohuwar wuƙa, ko aska, ko lauje da ke gidan, ya zana ta a takarda, ya tambayo wanda ya ƙera ta, a wane gari, da ƙarfen me. Yawanci sukan dawo da sunan mai wuƙar. Kaɗan ne ke samo sunan maƙerin, kuma kusan kullum daga bakin kaka mace, wadda da ita aka yi mata gara ko ta gaje ta wajen uwarta. Waɗannan sunaye ina rubuta su a wani littafi dabam, kowane da garinsu.