Sifiyo da Sakamakon Nasara a Jamhuriyar Rum

A shekarar 216 kafin Miladiyya, Hanibal na Kartaj ya yi wa rundunar Rum kaca-kaca a Kanne. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani saurayi mai suna Sifiyo. Shi ne ya ƙwace Sifen daga hannun Kartaj, kana ya haye Afirka ya karya Hanibal a Zama, cikin Tunisiya ta yau, a shekarar 202, da taimakon baraden Masinisa na Numidiya.

Sai dai tsarin Rum bai yarda mutum guda ya yi wa tsararsa zarra ba. A shekarar 187, bisa zugar Kato, aka nemi ƙanensa Lukiyus ya yi bayanin kuɗin da ya karɓa daga Sarki Antiyokus. Sifiyo ya yayyaga takardun lissafin a gaban majalisar dattawa. Daga bisani ya ƙaurace wa birnin, ya rasu a Litarnum wajen shekarar 183.

Wasu na kiran wannan butulci. Amma manufar Kato ita ce kada nasara ta ɗora sarkin yaƙi bisa doka. Lokacin da Kaisar ya ƙetare kogin Rubikon da dakarunsa a shekarar 49, majalisar ba ta da sauran ƙarfin neman lissafi daga gare shi.